Irin Nono

Shagari, ran Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Jummai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Shamsuddeen da ɗalibansa. Yaya ƙarfin jiki, yaya zirga-zirgar asibitin Sakkwato? Baffanki na gaishe ki.

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya. Sau uku ina kiranki don in faɗa miki wagga magana, sai in ɓige da tambayar kuɗin albasa a Bodinga. Kin san bakina a kasuwa, ba mai kada ni, amma a nan ya ƙi buɗuwa.

Kin tuna ranar da kinka ce mini likita ta auna bayan gidanki, bayan dashen ƙwai na farko da aka yi miki a mahaifa bai zauna ba? Ta ce akwai wasu ƙananan halittu masu amfani a hanjin kowa, naki sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma hakan na iya taɓa mahaifa. Ta tambaye ki ko kina yawan shan kafso, kinka rantse mata ba ki sha. Kina ba ni labari har da jin haushi wai ta ɗauke ki maƙaryaciya. Ni kuwa na ce miki likitoci sun cika tambaya.

Jummai, ba ki yi ƙarya ba, amma kin sha. Ni na ba ki.

Shekara uku ke nan, duk furar da nake aiko miki a mota ran kasuwa, sai na fasa kafso ja-da-yalo biyu a cikin dakan. Citta da barkono ke ɓoye ɗacin. Tun da aurenki ya kai shekara shida ba ko ɓatan wata, mata sunka cika mini kunne cewa sanyi ne ya toshe ki, kafso ke kashe shi. Na san halinki tun kina goye a bayana, ko maganin zazzaɓi sai an danne ki. Na ce to bari in yi miki dabara.

Abin da ya fi cin raina, da likita ta ce ki yawaita shan kindirmo don halittun nan su dawo, wurina kinka aiko. Ni da na ji an ce wasu abubuwa na zaune a hanjinki, tsutsa kawai na hango. Na ce wane irin likita ne zai kiwata wa mutum tsutsa a ciki? Sai na mayar da kafso uku.

Saniya ce ta ganar da ni. Makon jiya hantsar saniyata Gudale ta kumbura, malamin dabbobi ya yi mata allura, ya ce kada a taɓa nononta sai bayan kwanaki. Na ce a raina shekara arba'in ina tatsa, ba ɗan boko ne zai koya mini ba. Na tatsa, na dafa, na zuba iri, ludayin tsohon nonon nan da kike gani ina ragewa kullum, na rufe da faifai. Da safe na buɗe, madara tsululu yadda na bar ta. Kwana uku haka. Da malamin ya dawo na tare shi da faɗa, ya ce abin da ke kama nono rai gare shi, kuma allurar ba ta san na kirki da mugu ba, duka take kashewa. Na tambaye shi ko ɗaya take da ja-da-yalo, ya ce 'yan gida ɗaya ne. Nan na zauna a ƙasa, ƙwarya a hannuna.

Na san ran Alhamis za a dasa miki ƙwan da ya rage, kuma kin ce shi ne na ƙarshe a ajiye. Don Allah kada ki bari a taɓa shi sai kin nuna wa likita wagga takarda. Furar jiya ma ki zubar, ita ce kaɗai ba komai a ciki, amma ki zubar. In za ki yi fushi ki yi, kina da gaskiya.

Ki gai da mutanen gidan duka.

Goggonki,
Atika

Shagari, ran Asabar

Zuwa ga Jummai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta maigidan. Mu nan sai godiya, Gudale ta warke.

Malam Shamsuddeen ya zo jiya bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce an ɗaga dashen zuwa wata huɗu, har hanjinki ya farfaɗo. Ya ce likita ta ce ba mai iya rantsewa kafson ne ya ɓata na farko, ilimin abin ma bai gama zama ba. Ya faɗa ne don in ji sanyi. Ban ji ba, don ba mai iya rantsewa ba shi ne ba. Na ga yadda kinka rame da alluran nan wancan karon, kina ɗinkin 'yar riga a ɓoye kina tsammanin ban gani ba.

Ya miƙo mini ƙwaryar da nake aiko miki, a wanke tas. Saƙonki ya iso: kada a sake aiko fura ko nono, iri kawai kike so, za ki riƙa yin naki. Na karɓa. Tun kina wata bakwai, da Allah ya karɓi uwarki, daga hannuna kike ci. Ban taɓa zaton ranar da za ki ji tsoron abin da ya fito ɗakina ba, kuma ni na jawo.

To irina ya mutu, Jummai. A madarar allurar nan na ƙarar da shi, wanda na gada wurin kakarki, ina ta ƙarawa wai ko zai kama. Yau da sassafe na taka har Mandera wurin Nana Fatima, wadda munka yi shekaru muna gasar ciniki da ita, na roƙe ta. Ta yi mini dariya son ranta, sannan ta ba ni.

Ki dafa madara ki bar ta ta huce, har ki iya sa ɗan yatsa ba ƙuna. Ludayi ɗaya ya isa. Ki rufe, ki ajiye inda ba iska, kada ki riƙa leƙawa, na san ki da gaggawa. Kullum ki rage na gobe kafin ki sha.

Yana cikin 'yar robar da direba zai ba ki. Nana Fatima ce ta zuba da hannunta, ita ta ɗaure bakin, ita ta kai tasha, ni ina tsaye daga nesa. Ki sha da kwanciyar rai, ɗiyata, ban taɓa shi ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya zaunar miki da wanda ya rage. Baffanki na gaisuwa.

Goggonki,
Atika