Fassarar Da Na Yi Maka Ranar Laraba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Kofur Mamman na Kankiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka a durƙushe, kamar yadda ka koya mani tun ina ƙarami, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ne Rabe, ɗanka na biyu, malamin makaranta.

Na san ba a aika wa mamaci takarda. Amma kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in tashi in koma gindin darbejiya, in na je can sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta. Uwargidana ta ce tsufa ne. Ni na san ba shi kaɗai ba ne. Yau shekaruna sun wuce waɗanda ka yi a duniya, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba.

Ka tuna shekarar da na sayo akwatin talabijin daga Kano, lokacin da arzikin mai ya fara taɓa kowa, har mu malaman makaranta muka fara hawa babur. Muka kafa eriya a kan dogon ƙarfe, muka haɗa akwatin da batirin mota a zaure. Hoton baƙi da fari ne, wani lokaci ya yi ta watsa tsaki kamar ana shiƙar gero. Ka ce ba ka ga amfanin abin da zai tara magidanta su yi jugum ba, alhali ba wa'azi ake yi ba. Sati biyu ko leƙawa ba ka yi ba.

Abin da ya fito da kai shi ne sabon wasan 'yan sandan Ingila da aka fara nunawa duk Laraba bayan la'asar, a gama kafin kiran magariba. Wani dogon sufeto ne a ciki, kullum riƙe da lema, don garinsu ruwa ba ya ɗaukewa. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka raɗa mashi Mai Lema. Ni nake tsayawa gefen akwatin ina fassara, tunda ni kaɗai ke kama Turancinsu mai sauri.

Zauren nan cika yake yi har ƙofa. Inna da maƙwabtanta suna leƙe ta ƙofar ciki. Ita Inna ba ruwanta da ɓarawo, tausayin Mai Lema take ji, wai mutum babba kamar wannan a ce ba mai dafa mashi tuwo, kullum sai burodi a tsaye.

Ranar da Mai Lema ya ja wa wanda ake tuhuma kujera, ya sa aka kawo mashi shayi, Tanko mahauci ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wallahi da ni ɓarawo ne a ƙasar can, da ƙiba zan yi!" Alhaji Iro mai tireda bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku daina ruɗin kanku. Mun ga Turawan nan da idonmu lokacin da suke mulkinmu. Wane ne a cikinsu ya taɓa ja wa talaka kujera? A gida suke shayi, mu nan bulala suka bar mana." Musun nan ya bi mutane har kasuwa. Wasu su ce aikin hankali kenan, ɗan sanda da ɗan littafi da biro. Wasu su ce ɓarawon Kankiya in ba a taɓa lafiyarsa ba ko sunansa ba zai faɗa ba.

Kai kuwa, da ka yi shekara ashirin da wani abu cikin kaki a aikin ɗan doka, kai ne alƙalin zauren. Kafin a kai rabin wasa sai a juyo gare ka: "Kofur, wa ya yi?" Ka ɗan karkace hula ka ce, "Ku dubi wanga mai yawan gyaran wuyan riga." Sau uku a jere kana dacewa. Na daɗe ban ga fuskarka a sake haka ba tun da ka ajiye aiki.

Sai Laraba ta biyar.

A ranar ba ɓarawo ake nema ba. Mai Lema ne ya gano cewa wani mutum da ya taɓa kamawa tun yana sabon ɗan sanda, har aka ɗaure shi shekaru, ashe ba shi ya yi laifin ba. Manyansa suka ce ya rufe bakinsa, abin ya wuce. Ya ƙi. Ya nemi gidan mutumin, ya tsaya a ƙofa ruwa na dukansa, ya ce, ni ne, ni na cuce ka, na zo in faɗa da bakina.

Na juya don in fassara amsar mutumin, sai idona ya faɗa kanka. Gumi na bin wuyanka, ga shi an yi ruwa da rana gari ya yi sanyi. Ka ce, "Rabe, mi ya ce mashi? Faɗi daidai."

Baba, ga abin da mutumin ya ce. Ya ce ba zai yafe ba, ba yau ba, ba gobe ba, watakila har abada, amma ya shigo daga cikin ruwan. Ni kuwa da na ga halin da kake ciki, ban san dalili ba, sai tsoro ya kama ni. Na ce, "Ya ce ya yafe mashi duniya da lahira, ya shigo." A hoto kuma aka ga ya buɗe ƙofa, Mai Lema ya shiga. Ƙaryata ta zauna daram. Alhaji Iro ya yi tsaki ya ce ai ga irinta nan, wasa wasa ne. Kai ka tashi ka fita, ka bar takalminka ɗaya a bakin tabarma.

Kwana uku kana kai da kawo tsakanin zaure da bayan gida. Inna ta ce tuwo kake taɓawa ka ture. Ranar Lahadi da hantsi ka ce in fito da babur, za mu Kusada.

Damina ta yi nisa, gero ya kai kafaɗa, hanya duk taɓo. Muna tsakiyar tafiya ka daki bayana ka ce in tsaya. Muka zauna gindin wata tsamiya, a nan ka ba ni labarin, kana kallon ƙasa. Ka ce shekara ɗaya kafin a ba mu mulkin kai, sa ya ɓace wa wani mai hali a kasuwar Kusada. Aka matsa maku lamba. Ka kama wani saurayi makiyayi daga Kaikai, sunansa Ja'e, don kawai an gan shi kusa da turken. Ya yi ta rantsuwa. Ka yi ta marinsa, ka haɗa da kulki, har ya ce shi ne. Aka kai shi gaban alƙali, aka ɗaure shi. Bayan wata huɗu ka gano san a hannun wani daban, ɗan gidan mai san ne ma ya sayar da shi a ɓoye. Ka yi shiru, don kana jiran igiyar kofur. Ka ce, "Ga igiyar can cikin adaka, Rabe. Ita kake jin ana kira na da ita."

Na tashi na tayar da babur.

A Kusada muka tambayi mata masu sayar da nono, suka tura mu Kaikai. A Kaikai aka ce ya daɗe da tashi, a neme shi wajen Mawashi, yana kiwon shanun mutane. Sai bayan azahar muka same shi a bakin wani fadama, siriri, furfura ta fito mashi tun lokacinta bai yi ba. Ka yi sallama bai juyo ba, sai da muka zagaya ta hagunsa. Daga baya na gane kunnen dama ba ya ji, kuma na gane tun yaushe.

Ya dube ka sau ɗaya ya ce, "Kai ne mai kulki."

Ka cire hula, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa cikin ciyawa. Ban taɓa ganin gwiwarka a ƙasa ba sai a salla. Ka faɗi komai, har maganar igiya ba ka ɓoye ba. Ka ce ka zo neman gafara.

Ja'e ya daɗe yana kallon shanu. Sannan ya ce, "Na ji. Shanuna sun watse ina kurkuku. Matata danginta sun tafi da ita. Wannan duka nawa ne, ina iya magana a kai. Amma uwata ta mutu ana ce mata uwar ɓarawo. Ita wa zai je ya tambaye ta?" Ya tashi ya je bukka, ya kawo mana nono a ƙwarya. Ya ce, "Ku sha, kun yi tafiya. Wannan daban, wancan daban."

Muka sha.

A hanyar dawowa, daf da Yashe, ka matso da bakinka kusa da kunnena saboda ƙarar babur. Ka ce, "Na Turawan nan tun zuwan farko aka yafe mashi, ko ba haka ka ce ba?" Baba, nan ne wurin da ya kamata in tsaya in faɗa maka gaskiya. Na ce, "Haka ne." Sai ka ce, "To, nawa ya fi nashi muni kenan."

Wannan kalma ita ke hana ni zama. Da na faɗa maka daidai, da ka san ko a wasan da mutane suka zauna suka tsara ba a samun gafara da zuwa ɗaya. Da ka ɗauki ƙwaryar nonon nan a matsayin abin da take, buɗe ƙofa. Sai na sa ka auna kanka da abin da bai taɓa faruwa ba. Na so in faɗa maka washegari, kunya ta hana. Na so in faɗa bayan sati, sai na ga ai ya yi nisa. Kullum ina cewa gobe.

Ba ka sake neman babur ɗina ba. Motar kasuwa kake shiga, ka ƙarasa da ƙafa. Ka je Mawashi ban san sau nawa ba. Inna ta ce wani lokaci ba ku magana, kana zaune gefe yana kiwo, la'asar ta yi ku yi salla tare, ka taho.

Sai ranar da ka tsaya a tsakiyar kara a kasuwar Kusada, gaban dillalai da masu shanu, ka ɗaga murya ka ce kowa ya shaida Ja'e na Kaikai bai taɓa satar sa ba, kai Mamman ka yi mashi ƙarya. Rabin mutanen wurin ba su ma san zancen ba. Labari ya riga ka isowa gida. Aka ce talabijin ya taɓa wa Kofur kai. Yayana ya zo ya yi mani faɗa, ya ce na kawo akwati na tozarta tsoho. Laraba ta gaba zauren ya kasu biyu, ba a kan Mai Lema ba, a kanka. Tanko ya ce abin da ya wuce a bar shi, wa bai mari wani ba a zamanin can. Alhaji Iro, wanda kullum yake cewa wasan ƙarya ne, shi ya ce, "Ni dai ban ga Bature ya yi ba, amma na ga Mamman ya yi." Kai kana cikin gida, ba ka sake fitowa kallo ba.

Bayan kakar shekara ta gaba ciwon ƙirji ya kwantar da kai, cikin sati biyu Allah ya karɓi abinsa. Ina riƙe da hannunka, maganar tana bakina, ban faɗa ba.

Ranar addu'ar uku na hango wani siriri da sanda a kafaɗa ya zauna can bakin tabarma, ƙafafunsa futu-futu. Ja'e ne. Liman ya yi addu'a, Ja'e ya ɗaga hannu tare da kowa, ya shafa. Bai jira gumba ba ya tashi. Na bi shi har bakin hanya, na zagaya ta hagunsa, na ce, "Baffa, don Allah, ka yafe mashi?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ɗan nan, tun asuba na taho da ƙafa. Na zauna, na roƙa mashi Allah, kuma ba da baki kawai na roƙa ba. Abin da na iya kenan. Kar ka tambaye ni abin da ni ma ban sani ba." Ya gyara sandarsa ya kama hanya. Ban sake ganinsa ba. Bayan wasu shekaru na ji shi ma ya rasu.

To, Babana, ga shi na faɗa. Ba a yafe wa Mai Lema ba. Ɗanka ne ya ji tsoron fuskarka ya yi maka ƙarya, ya kuma maimaita ta a kan babur. Kai ka durƙusa gaban mai rai, ka ji amsa mai ɗaci da kunnenka. Ni na jira sai da ba ka nan. Ka fi ni, Baba, ka fi ni nesa ba kusa ba. Ka yafe mani.

Ya Allah, Kai da ka san abin da Ja'e bai sani ba a zuciyarsa, Ka jiƙan Mamman, Ka jiƙan Ja'e, Ka jiƙan tsohuwar da ta mutu da sunan da ba nata ba. Ka biya su daga taskarka abin da mahaifina ya kasa biya, har su yarda. Ka haskaka kabarin Inna. Ni kuma in tawa ta zo, Ka sa in cika da gaskiya a bakina. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

Ɗanka mai kewarka,
Rabe Mamman, Kankiya.