Shanun da Na Bari Suka Kwana a Gona

Lahadi, 5 Disamba 2021

Muhandis Raed, injiniya mai kula da noman gonar nan, ya zo yau kamar yadda ya saba duk Lahadi. Ya ɗebi ruwan rijiya a kwalabe uku, wai awon bara bai yi masa daɗi ba. Sannan ya sake yi mini karatun nan nasa: shanu su ci shufan awa huɗu kacal, a mai da su rumfa mai daɓen siminti, fitsarinsu ya gangara tanki. Ciyawar da ta kewaye rijiya kuwa kada baki ya taɓa ta. Na ce to, ya muhandis.

To ɗin na baki ne kawai. Sanyi uku ke nan ina barin su suna kwana a gonar, ranar Asabar kawai nake kora su rumfa saboda zuwansa. Mutumin da aka haifa bayan na fara tatsa, shi zai koya mini saniya? A garinmu Maiwurno babanmu har dawa yake ba Fulani don garkensu ya kwana masa a gona. Fitsarin saniya arziki ne. Ga shufan ɗin nan ma, ciyawar sanyi mai kama da alkama, ta yi kore shar, nono kuma yana ta zuba.

Alhamis, 9 Disamba

Na sauka Jidda da jarka biyu na ruwan rijiya, kamar kowace Alhamis. Matata Juwairiyya ta daɗe da cewa ruwan tahliya, wannan na teku da ake tacewa, ba ya yi mata shayi. Na rijiyar gona ne ke tuna mata gida.

'Yarmu Mastura tana wankan jego a wurinmu. Saif, jikana na fari, yau kwanansa goma sha tara. Nononta bai isa ba, suna haɗa masa da madarar gwangwani. Kakarsa ce ke damawa, da ruwana. Ta ce, "Malam, da ruwanka ake rainon angon nan." Na ji daɗi har cikin raina.

Lahadi, 12 Disamba



Sakamako ya fito. Muhandis ya ce nitrat ya yi yawa a rijiyar, ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Wai shi ne ƙarfin da ke cikin taki da fitsarin dabba. Abin da ciyawa ba ta shanye ba, ruwan ban-ruwa yana wanke shi ya bi yashi har ƙasa. Ya yi ta juya takardar. "Ban gane ba, ya ammi," wato baffa, haka yake kirana. "Awa huɗu kawai suke yi a gona, daga ina wannan duka?" Ni dai na tsura wa takalmina ido.

Sai ya tambaya ko akwai mai shan ruwan. Na ce shanu ne kawai, sai wanki. Ya ce alhamdu lillahi, don babba yana iya sha bai ji komai ba, jariri ne abin tsoro. Yana hana jininsa ɗaukar iska, leɓɓansa su koma shuɗi. Na ce in an tafasa fa? Ya ce tafasawa ƙara shi take yi.

Juwairiyya sau biyu take tafasawa, don tsabta.

Yana tafiya na kira ta, na ce a daina amfani da ruwan nan. Ta ce me ya faru? Na ce jarkokin ne suka yi datti. Abin da bakina ya iya fitarwa ke nan.

Litinin, 13 Disamba

Na kora shanun rumfa tun kafin azahar.

Talata, 14 Disamba

Na kasa jiran Alhamis, na bar tatsar yamma a hannun abokin aikina na sauka gari. Ina shiga kicin na ga jarkokin a kife, an wanke su tas. Ruwan kuwa an juye shi a babbar tukunya, an rufe da faifai. Ta ce ai ka ce jarka ce ta yi datti.

Ƙaryata ce ta ƙara wa yaron nan kwana biyu yana sha.

Na karɓe shi na kai bakin taga. Baƙi ne kamar ni, ta ina zan gane shuɗi? Na buɗe bakinsa da ɗan yatsa. Harshen ba ja ba ne sosai, kamar an shafa masa toka. Ko idona ne, ban sani ba. Mastura ta ce tun jiya barci kawai yake yi, ba ya jan kwalba da ƙarfi, ita har murna take ya daina kuka.

A tsaye na faɗa musu komai, da shanun, da rijiyar, da abin da muhandis ya ce. Juwairiyya ta zauna a ƙasa. Mastura ta zare ɗanta daga hannuna, ta ce wa uwarta, "Yalla, mustashfa," wato su tafi asibiti.

Laraba, 15 Disamba

An riƙe shi a asibiti, an sa masa robar iska a hanci. Da suka ɗebi jininsa na gani a cikin sirinji, launinsa ya yi duhu, kamar shayin da ya daɗe a wuta. Likita ta ce abin ya taɓa shi, amma an zo da wuri, za su duba awon gobe. Ta tambaya wa ya kawo ruwan rijiya gidan da ke da jariri. Na ce ni ne, kakansa.

Mijin Mastura ya zo daga Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, da kayan aikinsa a jiki. Ya gaishe ni yadda ya saba, har da rusunawa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi ta ƙirga jarkokin da na kawo tun ranar suna. Ya Allah, kada Ka kama yaron nan da taurin kaina.

Alhamis, 16 Disamba

Awo ya sauka. An cire robar. Ya sha, ya yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Gobe za a sallame su.

Mastura har yanzu ta bakin uwarta take yi mini magana.

Lahadi, 19 Disamba

Na faɗa wa muhandis gaskiya. Na riga na sa a raina zai kai maganar ga kafili, mai gonar da nake zaune a ƙarƙashinsa, iƙamata kuma, takardar zamana a ƙasar nan, saura wata biyu a sabunta. Abin da ya fara tambaya shi ne, yaron fa? Na ce da sauƙi.

Daga nan ya ɗauki shebur ya ja ni cikin gona, wurin da shanun suka fi kwanciya, taku talatin da rijiya. Ya haƙa, yashi zalla, ruwa na bi ta cikinsa kamar rariya. Ya ce saniya in ta tsaya ta yi fitsari, wuri ɗaya take zuba abin da ciyawar wurin ba za ta iya shanyewa ba, balle da sanyi da ba ta saurin girma. Mu kuma kullum muna sakin ruwa a kai. Na ce to babanmu fa, shekara da shekaru? Ya tambayi irin ƙasarmu. Na ce laka ce baƙa, kuma da rani suke kwana, babu ɗigon ruwa. Ya ce, "To babanka bai yi kuskure ba, ya ammi. Gonarsa daban, wannan daban."

Wannan maganar ta fi faɗa zafi. Ashe ni ne ban dubi ƙasar da nake takawa ba, shekara ashirin da shida.

Ya ce zai gaya wa kafili, ba zai ɓoye ba, amma zai ce ni na kawo maganar da kaina. An ɗaura jan ƙyalle a famfon rijiya. Mun ja waya ta kewaye ta, kuma duk fegin da suka cinye za a sake shuka shi cikin kwana biyu, don sabon tsiro ya kama abin da ya rage kafin ya nutse.

Juma'a, 7 Janairu 2022

Na sa ƙararrawa a waya, awa huɗu. Ba wai don muhandis ba. Ƙafafun shanun ne suka fi lafiya a rumfa, shi ke nan. Kafili ya yi faɗansa ya gama.

Mastura ta gama arba'in ta koma gidanta a unguwar Safa, yau suka zo yini. Ita da kanta ta miƙo mini Saif. Ban san lokacin da na kai shi bakin taga na buɗe bakinsa ba. Ta ce, "Halas, Baba. Ja ne." Rabon da ta kira ni Baba tun ranar tukunya.

Da la'asar Yaya Bello ya kira daga Maiwurno, murya cike da fara'a. Ya samu garke mai saniya sittin zai kwana masa a gonar bakin kogi, wadda ya sa wa injin ban-ruwa bara, ita ce mai jigawa ta gefen gabas. Wai in ga yadda ake noma irin na babanmu. Na yi masa barka. Har mun yi sallama na ce, Yaya, rijiyar da matan gida ke ɗiba, taku nawa ce daga inda za su kwanta? Ya yi dariya, ya ce zaman Jidda ya mai da ni muhandis.

Na ce ka dai auna, zan kira ka gobe.