Manhajar Yaya Habu ta ƙi tashi

Matamaye, daren Laraba

Yau ma ta ƙi, wallahi na gaji. Kwana shida ke nan ina fama da manhajar jera rubutu da marigayi Yaya Habu ya tsara littafinsa na lissafi da ita. Ordinatar ɗinsa, wato kwamfutarsa, ta mutu, tawa kuma tsarinta daban ne. Na kwaso komai, na bi na gyara ɗaya bayan ɗaya, amma lambobin sai hawan juna suke yi.

Mai ɗab'i na Damagaram da zai buga littafin ya kira: "Malam, in ya wuce Asabar, sai baɗi."

Yaya kaɗai ya san yadda ya haɗa ta, kuma bai rubuta ko'ina ba. Ɗazu da ta sake tsayawa, na ɗauki waya zan tambaye shi. Har na danna lambarsa.