Minti Biyar na Jadawalin Asuba

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin karatuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka. 'Yarka ta aiko mini cewa jiki ya matsa maka wata uku ke nan, har ba ka iya fita masallaci. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai gwiwa da take yi mini gardama wajen sujada. Gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar uwar yara, su kuwa yaran kowa ya kama gabansa, sai dai a waya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara talatin da ɗaya. Mu biyu muka haɗa jadawalin lokutan salla na masallacin unguwarmu a kan tsohuwar kwamfutata, kai ka yi hisabi a takarda, ni na buga. Da aka rataye shi sai ka hau rufin masallaci kwana bakwai kana duban gabas, ka sauko ka ce ladan yana kiran asuba alhali alfijir bai keto ba. Ni kuma na ce maka a gaban jama'a na'ura ba ta kuskure, ido ne yake yi. Ka naɗe dardumarka ka fita, kafin shekara ta zagayo ka bar garin.

Ba na so ɗayanmu ya shiga kabari da wannan magana a tsakaninmu. Saboda haka na jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado domin in nuna maka lissafin layi bayan layi, ka gani da idonka cewa daidai yake, zuciyarka ta huta.

Na kai ta wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, dattijo kusan tsarana. Da ya buɗe kwalin sai ya ce, "Malam, gyara ka kawo ta ko jana'iza?" Duk da haka ya karɓa. Ka tuna halinta: ba ta riƙe komai a kanta, sai an zura mata faifan tayarwa ta karanta tukuna, sannan a cire a sa na lissafin. To, bel ɗin akwatin faifan ya narke ya zama kamar kwalta, faifan kuma ya yi fumfuna. Ya ce in ba shi mako guda.

Ina roƙon Allah ya ba ka sauƙi. Ka gaishe mini da dukan iyali.

Ɗan'uwanka,
Dogo

*

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga ɗan'uwana kuma malamina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi fiye da ta farko. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma masu jinya? Allah ya saka musu da alheri.

Kwamfutar ta tashi. Mai gyara ya kawo mini ita har ɗaki, ya haɗa ta da tsohuwar talabijin ɗin uwar yara. Da ya zura faifan tayarwa ta yi gurnanin nan nata da ka sani, fuskar talabijin ta yi baƙi, sai ga fararen haruffa tana tambayar kwanan wata. Na ba ta shekarar da muke ciki, ta ƙi karɓa, domin lissafinta bai iso wannan ƙarni ba. Na tsaya ina jinjina abin. Mai gyara ya ce, "Malam, yi mata ƙarya kawai, ba za ta tsaya da kai ranar hisabi ba." Na ba ta shekara ta ƙarshe da ta sani, ta buɗe mini ƙofa.

Sai batun yadda za ka gani. Babu na'urar zamani da take karanta faifan nan. Mun gwada ɗaukar talabijin ɗin da waya, sai wani baƙin layi yana ta gangarowa yana cinye rubutun. Washegari ya zo da ɗan akwati kamar na ashana, ya soka masa wayar hoto mai ruwan ɗorawa, ya haɗa ɗaya gefen da tasa kwamfutar. Da farko hoton yana ta birkicewa kamar mai zazzaɓi, sai da ya canza masa tsari sau uku ya natsu. Ya nuna mini jan maɓallin da ake dannawa a fara ɗauka, ya bar mini kayansa kwana biyu, ya tafi shago.

Da hantsi na zauna ni kaɗai, na ce bari in bi lissafin sau ɗaya kafin in danna. Layi saba'in da shida duk daidai suke da takardarka, wadda take nan cikin kwalin da rubutun hannunka. A na saba'in da bakwai ka rubuta a ƙara minti biyar a kan lokacin alfijir saboda ihtiyaɗi, wato taka-tsantsan. Ni kuwa alamar ragewa na buga. Ladan yana kira minti biyar kafin alfijir, minti goma kafin lokacin da ka nufa.

Na tuna ranar. Ka ce mini in zo mu yi muƙabala kamar yadda aka koya mana a kan kowane littafi da aka kwafa, kai kana karantawa ni ina bin layi da yatsa. Na ce maka babu lokaci, jama'a suna jira.

Ba zan ɓoye maka abin da ya biyo baya ba. Ban riga na danna jan maɓalli ba, kuma gyaran alamar bugu ɗaya ne. Na ɗora yatsana a kai. Shaiɗan bai zo mini da mummunar sura ba, cewa ya yi kai marar lafiya ne, kada a tayar maka da tsohon miki. Haka na zauna har aka kira azahar. Abin da ya ɗauke mini hannu uwar yara ce, Allah ya jiƙanta. Mu maza muna jiran iƙama a masallaci, ita kuwa da ta ji kira take tayar da kabbara a ɗakinta, shekara da shekaru, saboda ta yarda da lissafin mijinta. Na san ba ita kaɗai ba ce.

Na dawo daga salla na danna jan maɓallin. Za ka ga layin yadda yake. A ƙarƙashinsa na buga maka abin da ya kamata in faɗa a gaban jama'a: idonka ne ya yi gaskiya, ni ne na zalunce ka. Za ka ga ina bugawa ina gogewa. Mai gyara ya ce zai iya yanke wuraren, na ce ya bar su. Ya tura wa 'yarka bidiyon jiya.

Ina neman gafarar Allah, sannan ina neman taka. Ka gaishe da iyali.

Ɗan'uwanka mai laifi,
Dogo

*

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga ɗan'uwana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da 'yata da za ta karanta maka wannan. Yaya jikin? Allah ya sassauta.

Ranar Talata bayan la'asar na miƙe a masallaci na faɗi komai, na ambaci sunanka. Mutum goma sha huɗu ne a sahu, biyu kaɗai suka san ka. Ladan ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai mun daɗe da komawa kan waya, takardar nan don girmanka muka bar ta a bango." Aka yi mini addu'a, aka watse. Hukuncin sallolin da suka wuce kuwa na rubuta wa waɗanda suka fi ni sani, ba zan yi wa kaina fatawa ba.

Jiya 'yarka ta kira ni. Ta ba ni haƙuri, ta ce ta rasa yadda za ta gaya mini tun farko cewa ciwon ya taɓa tunaninka. Ta ce Alƙur'ani yana nan a bakinka, hisabi ma bai gudu ba, amma mutane da garuruwa sun tafi. Ta karanta maka takarduna biyu, ka saurara da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Ta ce da ta sa maka bidiyon a babbar talabijin ka gyara zama. Kafin rubutuna ya fito ka riga ka nuna layin da yatsa ka ce, "Nan ƙari ne, ba ragi ba." Da ka karanta abin da na buga a ƙasa, sai ka tambaye ta wane bawan Allah ne wannan. Ta ce maka wani malami ne. Ka ce a gaya masa kada ya tsananta wa kansa, irin wannan kuskure yana samun duk mai aiki shi kaɗai. Sannan ka ce, "Shi ba shi da abokin karatu ne da zai riƙe masa takarda?"

Na shirya wa fushinka, na shirya wa gafararka, wannan kam ban shirya masa ba. Na mayar wa mai gyara kayansa, na rufe kwamfutar da mayafi.

'Yata, idan ya sake tambaya, ki gaya masa yana da shi. Ki ce kuma malamin yana neman izini ya zo ranar Asabar ya zauna kusa da shi, ko da a matsayin baƙo ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Dogo