Yis a Hanjina

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yaran? Ki gaishe min da kowa.

Ni lafiya lau, aikin gidan burodi na tafiya, sai dai gajiyar nan ta ƙi sakina. Barci ba ya maganinta. Da na ci abinci sai cikina ya kumbura, harshena kuma ya yi fari kamar an barbaɗa masa fulawa.

Na je asibiti. Likita ta ce wataƙila wani irin yis ne, mai kama da abin da ke tayar da kwaɓin burodi, ya yi yawa a hanjina, amma ba ta tabbatar ba. Na yi dariya, na ce ai ni da yis abokan aiki ne. Ta ce ba irin namu ba ne, ko murmushi ba ta yi ba. Ta hana ni zaƙi, ni da nake wuni cikin sukari! Yanzu in na ga kwaɓi yana tashi shiru a ƙarƙashin mayafinsa, sai in dafe cikina.

Allah ya bar mu tare. Kada ki gaya wa Inna, amma ki tuna min: da Baba ya fara ciwon ajalinsa, harshensa ya yi fari?

Autanku.