Mai Ɗakin Sama

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar taki?

Albishirinki! Baban yara ya yi wa shagonsa na kafinta rajista, ya zama kamfani. Lauya ya ce daga yau kamfanin mutum ne a idon doka, da sunansa da hatiminsa, bashinsa daban namu daban, kuma ko masu shi sun mutu shi yana nan. Na yi dariya na ce to, Allah ya raya mana. Lauyan ya ce a sa darakta biyu, sai ga sunana, ni da ko guduma ban iya riƙewa ba! Wai kuma sai da adireshi, don haka muka kama ɗakin da ke saman shagon. Baban yara ya ƙera wa kamfanin tebur da kujera da irin katakon da ya ce ya yi wa gadona tsada.

Taki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi, wannan baƙon namu, kamfanin, ci gare shi. Kuɗin lauya, kuɗin akanta, sabunta takardu duk shekara, ga haraji, ga haya. Kasuwa ta tsaya, amma shi ina ruwansa. Injin yankan katako ya tafi, sarƙata ta bi shi. Na ce a rufe, lauya ya ce rufewar ma kuɗi ce, har ta fi riƙewa.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Kullum da safe Baban yara sai ya hau ya share ɗakin nan, kuma ba ya shiga sai da sallama. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Shekaranjiya na kai masa abinci, ina kan bene na ji ya yi sallama. Yaya, wallahi na ji an amsa. Na leƙa na same shi tsaye gaban tebur, hula a hannu, kujerar ba kowa.

Tsoro nake ji. Don Allah ki zo.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Na gode da zaman da kika yi da mu na rasuwar Baban yara. Allah ya saka da alheri.

Kin ce in rabu da kamfanin, ya mutu don kansa. Na yi niyya. Na hau da hantsi in kwashe kayan ɗakin, sai na tarar da kujerar tana fuskantar ƙofa, alhali taga marigayi ya bar ta tana kallo. Ban san lokacin da sallama ta fito daga bakina ba.

Mun yi wa kamfanin mummunar fahimta, Yaya. Yana da ladabi, kuma ba ya neman abin da ya wuce haƙƙinsa. Na sayar da gado na biya masa kuɗin bana. Yara sun saba da tabarma, ni ma abinci bai dame ni ba yanzu.

Abu ɗaya ya rage. Ya saba da darakta biyu, yanzu kuwa saura ni kaɗai. Na ba lauya sunanki. Ga takarda na haɗo, ki sa hannu inda aka yi alama.

Yana gaishe ki. Ya ce benen ba zai wahalar da ƙafarki ba.

Darakta,
a madadin kamfani