Cindon Baffa Muttaka

Dala, cikin birnin Kano.

Zuwa ga ƙanina Abdulhakeem,

Assalamu alaikum warahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bahijja da ɗan autanmu Mikail, Allah Ya raya mana shi bisa tafarkin addini, Ya sa ka gama karatun da ya kai ka Malesiya lafiya. Mu nan sai godiya. Maigidana Kabiru yana zuwa kasuwa, yara suna makaranta, Zuhra ta haɗa izu goma. Inna tana samun sauƙi, ta fara sallah a tsaye, sai dai bayan nata har yanzu ba ya barinta ta yi ruku'u yadda ta saba. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira ka, don na san ka sarai. Kai gwanin baki ne tun kana tatsitsinka, kafin in kai ƙarshen magana ka ɗaure ni da hujjoji, ni kuma in ɓige da kuka. Wannan karon sai ka karanta har ƙarshe, tunda karatu da rubutu ne sana'arka.

Ka tuna ranar da littafinka ya iso gidan nan. Babu wanda ya kai Baffa Muttaka murna, shi da ko harafin boko bai sani ba. Da aka gaya masa akwai wani Malam Jibo a ciki, maɗinkin hula, tuzuru, mai cindo a hannun dama, sai ya ɗaga hannunsa yana dariya har da hawaye, yana ƙirga yatsun nan shida a gabanmu kamar ba mu taɓa ganinsu ba. Ya ce ɗan wansa ya sa shi a takarda, ko ya mutu yanzu ba zai ɓace ba. Ya ajiye kwafi ɗaya a rumfarsa kusa da kwandon zare, duk wanda ya kawo aiki sai ya nuna masa. Daga Dala har Ƙofar Ruwa babu wanda bai san Baffa ne Malam Jibo ba, har samari suka koma kiransa da sunan, yana amsawa da fara'a. Kai ma ka sani, domin ni na aiko maka da hotonsa rungume da littafin, ka ce ya burge ka.

To sai ga hirar nan da ka yi da wata yarinya a intanet. Na kalle ta, na sake kallo, ina neman inda zan ba ka uzuri. Ta tambaye ka me ya sa Malam Jibo bai taɓa aure ba, ka gyara zama, ka yi murmushin nan naka na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, ka ce ai tun farko a zuciyarka Malam Jibo ba ya sha'awar mata, ransa yana wajen abokinsa da ya rasu, ka dai ƙi rubutawa ne. Wani ya yanko wannan guntun kaɗai, ya haɗa da hoton Baffa a rumfarsa, ya watsa. Kafin ranar Juma'a babu wayar da bai shiga ba a unguwar nan.

Bayan an sauko daga masallaci suka zo. Ina tsakar gida ina kwashe tuwo na ji ihu, na ɗauka ɓarawo aka kama. Da na leƙa sai na ga lungunmu ya cika da samari, masu gora, masu dutse, har da mai barandami, suna kiran Baffa da mummunan sunan da ba zan iya rubutawa ba. Yana zaune da allura a hannu, ya miƙe zai tambaye su lafiya, dutse ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Suka finciko shi ta wuyan riga, suka ja shi a ƙasa har bakin kwata, suna tattaka shi. Yasir ɗan gidan Alhaji Hashim, wanda Baffa ya ɗinka wa hular angonci kyauta, shi ya take masa hannun dama ya ce ga shaidar nan, ga cindon da ke cikin littafi, wani ya sauke masa gora a kai. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin, Abdulhakeem, kuma har yau ina jin ta. Wasu suka watsa wa rumfar fetur suka ƙyasta ashana, hulunan mutane da zaren da ya tara shekara da shekaru suka tashi. Na ga wani ya gangaro da taya, za su ƙona shi da ita.

Inna ce ta tsare shi. Ta fito ba mayafi ba takalmi, ta ratsa su ta faɗa a kansa, ta ce duk wanda zai ƙona ƙanin mijinta sai ya haɗa da ita. Duwatsu biyu suka same ta a baya kafin Liman da Kabiru su iso da wasu dattawa, aka kore su da ƙyar. A cikin a daidaita sahu muka kai shi asibiti, kansa a cinyata, bai san inda yake ba. Allah Ya isa tsakaninmu da waɗannan yara, ban yafe musu ba. Ko da abin da suka ji gaskiya ne, wa ya naɗa su alƙalai? Balle ba su ga komai ba, ba su ji komai daga bakinsa ba, mutumin da ya fi shekara talatin yana sahun gaba a masallacinsu.

Amma kai ma ban wanke ka ba. Kabiru ya gaya mini abin da ka faɗa masa a waya, wai Malam Jibo ƙirƙirarka ne, kana da ikon faɗar abin da ka ga dama a kansa ko bayan shekara nawa ne, kuma marubutan wasu ƙasashe suna yin haka. Sannu malam marubuci. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma ga yadda nake gani. Lokacin da littafin yake hannunka, naka ne, kana iya sawa, kana iya cirewa. Da ka rubuta wannan maganar a ciki, da na karanta kafin a buga kamar yadda ka ba ni, da na ce maka cire cindon nan, ka sauya masa sana'a. Ba ka rubuta ba. Ka sake shi haka, mutane suka karanta, kowa ya cike gurbin da abin da ransa ya ba shi. Ni a zatona talauci ne ya hana Malam Jibo aure, Inna ta ce wata ya so aka hana shi. Sai da littafin ya zauna a hannun jama'a, sai da wani bawan Allah ya amsa sunan a bainar mutane, sannan ka leƙo daga nesa ka jefo maganar da ba kai za ka kwana da ita ba. Ka ce ƙirƙira ce, to hannun fa? Hannun Baffa ka ara, ba ka tambaye shi ba, kuma shi aka karya.

Ban san abin da ke zuciyar Baffa ba, ban taɓa tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Kai ma ba ka sani ba. Da ya farfaɗo ya ji dalilin dukan, bai zage ka ba. Cewa ya yi in samo littafin in karanta masa daga farko, yana so ya ji wurin da aka faɗi haka. Na zauna a gefen gadonsa ina karantawa kullum har muka gama. Da na rufe sai ya tambaye ni ko na tsallake wani shafi don kunya, na rantse masa ban tsallake ba. Sai ya ce ashe ma babu a ciki.

Yanzu yana gidan Goggo 'Yardada a Sheshe, Mai unguwa ya ce kada ya dawo Dala tukuna. Likita ya ce da wuya hannun ya sake riƙe allura. Na ji kana shirin yin wata hirar don ka wanke shi. Don Allah kada ka yi, duk kalmar da ka ƙara wani zai yanka ya sake haɗawa da hotonsa. Ka bar intanet ta huta da sunanmu. Ka kira Inna ka ba ta haƙuri, sannan ka kira Baffa da kanka, kada ka yi masa bayanin adabi, ka dai saurare shi.

Ka gaida Bahijja, ka shafa mini kan Mikail. Kabiru da Zuhra da Hafsa suna gaishe ku, Goggo 'Yardada ta ce tana sa ku a addu'a. Baffa ma yana gaishe ka, kuma ya ba ni saƙo. Ranar da za a shiga da shi aikin ɗorin, ya roƙi likita ya haɗa da cindon ya cire, likita ya ce ai lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai ne ma bai karye ba, Baffa ya dage har aka yi. Ya ce in gaya maka yanzu yatsunsa biyar kamar na kowa, Malam Jibo ya zama naka kai kaɗai, kana iya faɗar duk abin da ka ga dama a kansa.

Allah Ya tsare ku, Ya shirye mu baki ɗaya.

Yayarka,
Sa'ida.